Hawa Ƙubbar Babban Cocin Florence: Abin da Magini Zai Gani Tsakanin Ɓawo Biyu

Matakala 463 ne daga ƙasa zuwa saman ƙubbar Santa Maria del Fiore, babban cocin Katolika na birnin Florence a Italiya, kuma babu lifta. Yawancin masu hawa suna yi ne don su hango gari daga sama. Mu da gini ne sana'armu, abin da ya kai mu daban ne. Hanyar hawan ta ratsa ta cikin jikin ginin, ita ce wadda magina suka riƙa bi shekara 600 da suka wuce, ba a shafe bangonta ba, ba a yi masa fenti ba, don haka duk dabarar da aka yi tana nan a fili ga mai ido. Zan bi hanyar daki-daki yadda muka bi ta, in faɗi abin da ake gani a kowane mataki da dalilin da ya sa aka gina shi haka.

Ba a hawa sai da tikiti mai lokaci. Hukumar da ke kula da cocin, Opera di Santa Maria del Fiore, wadda ita ce dai ta kula da gininsa tun ƙarshen ƙarni na 13, tana sayar da tikiti ta intanet, kuma wanda ya haɗa da ƙubba yana aiki kwana uku ga sauran wuraren: hasumiyar ƙararrawa, ɗakin baftisma, gidan tarihi da ƙarƙashin cocin. Amma ƙubbar kanta takamaiman lokacin shiga ake ba ka, idan ya wuce ya wuce. A lokacin zafi, da baƙi ke cika garin, gurabe kan ƙare kwanaki kafin ranar, saboda haka a saya da wuri. Jakar goyo ba ta shiga, akwai wurin ajiya a gefen filin, kuma layinsa kan ci minti da yawa. Nan ne mutane suka fi rasa lokacinsu. A rufe kafaɗa da gwiwa domin wurin ibada ne. Ranar Lahadi sai da rana ake buɗe hawan. Mai ciwon zuciya, mai jiri in ya hau sama, da wanda ƙunci ke tayar wa hankali, hukumar da kanta tana ba su shawarar kada su hau, kuma shawarar gaskiya ce, domin da zarar an shiga, komawa baya da wuya, mutane na biye da kai a hanyar da ba ta ɗaukar biyu.

Kafin a shiga, mun zagaya bayan cocin mun tsaya muna kallon wuyan ƙubbar, wato bangon nan mai kusurwa takwas da ƙubbar ke zaune a kai, mai taga zagayayya a kowace fuska. Fuska ɗaya ce kawai ke da barandar farin mabul a samanta. Baccio d'Agnolo ne ya gina ta a farkon ƙarni na 16, Michelangelo ya kushe ta, aka dakatar da aikin, sauran fuskoki bakwai suka zauna tsirara har yau. Wannan rashin ƙarasawa alheri ne ga mai koyo, domin a wurin da ba a rufe ba ana ganin kawunan duwatsu jere sun leƙo daga bango. A riƙe su a rai, za mu dawo kansu.

Dole a san yadda aka shiga matsalar kafin a gane maganinta. An aza harsashin cocin a 1296 bisa tsarin Arnolfo di Cambio, a kan tsohon cocin Santa Reparata wanda ragowarsa ke ƙarƙashin daɓen yanzu. Bayan mutuwar Arnolfo aikin ya yi sanyi, sai a 1331 ƙungiyar masu sana'ar ulu, ɗaya daga ƙungiyoyin da suka fi kuɗi a garin, ta karɓi ragamarsa. Giotto ya fara hasumiyar ƙararrawa a 1334, annobar 1348 ta sake tsayar da komai, Francesco Talenti ya faɗaɗa tsarin. A 1367 aka amince da samfurin da Neri di Fioravanti da abokansa suka kawo: ƙubba mai kusurwa takwas, faɗinta a ciki kimanin mita 45, kuma babu tokara daga waje irin waɗanda cocin Faransa da Jamus ke jingina a kansu. Shugabannin aikin suka riƙa rantsuwa cewa ba za su kauce wa wannan samfuri ba, alhali babu wanda ya san yadda za a rufe shi. Aka yi ta gini har wuyan ya kai sama da mita 50 daga ƙasa, aka bar rami a buɗe a kan wurin da bagadi zai zauna.

Yadda aka saba a Turai a lokacin shi ne a buga ƙashin katako mai siffar baka, a jera dutse ko bulo a kansa, a jira kwaɓi ya kama, sannan a cire katakon. Kwaɓinsu na farar ƙasa da yashi ne, ba siminti ba, yana ɗaukar watanni kafin ya yi ƙarfi sosai. To a nan sai an tayar da katako daga daɓe har mita 50 kafin ma a fara siffar ƙubbar, sannan ya ɗauki nauyin dubban tan tsawon shekaru ba tare da ya lanƙwashe ba. Ba itacen, ba kuɗin. A watan Agusta na 1418 aka yi shelar gasa da ladan fulorin 200, kuɗin zinariya na Florence. Filippo Brunelleschi, wanda asalinsa maƙerin zinariya ne kuma mai haɗa agogo, ya ce zai gina ta ba tare da ƙashin katako ba. A 1420 aka naɗa shi tare da abokin hamayyarsa Lorenzo Ghiberti, wanda ya kayar da shi a gasar ƙofofin ɗakin baftisma ta 1401, aka fara aiki ranar 7 ga Agusta.

Ta ƙofar arewa ake shiga, Porta della Mandorla. Daga nan sai matakala ta cikin ɗaya daga manyan ginshiƙai huɗu da ke ɗauke da ƙubbar, wani wuri miƙaƙƙiya, wani wuri murɗaɗɗiya. Wannan sashe ba shi da abin kallo da yawa, amma shi ya fi cin numfashi, kuma kuskuren da ake yi shi ne a fara da sauri. A tafi a hankali. Abin lura ɗaya shi ne kaurin ginshiƙin: matakala ce sukutum a cikinsa amma bai rage shi da komai ba.

Sai kwatsam a fito kan wata siririyar baranda a cikin cocin, an kare ta da gilashin roba. A ƙasa mutane sun zama ƙanana a kan daɓen mabul, a sama kuma zanen Ranar Hisabi ya rufe cikin ƙubbar baki ɗaya, kimanin murabba'in mita 3,600. Giorgio Vasari ya fara shi a 1572, ya mutu a 1574, Federico Zuccari ya ƙarasa a 1579. Tagogin wuyan suna da gilashi mai launi wanda Donatello, Ghiberti, Paolo Uccello da Andrea del Castagno suka zana. Ba a barin mutum ya daɗe a nan, masu gadi na tura layi gaba, saboda haka a san abin da za a duba tun kafin a iso. Mu abu biyu muka duba. Na farko, ramuka masu kusurwa huɗu da ke jere a gindin ƙubbar, shida a kowace fuska, 48 ke nan. A cikinsu aka soka manyan katakai aka shimfiɗa dandamalin da magina suka tsaya a kai, wanda ya leƙo cikin sararin ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Dandamalin yana ɗaukar mutane da kaya ne kawai, ba ya ɗaukar ginin. Na biyu, siffar lanƙwasar. Ba rabin ƙwallo ba ce, tana da tsini. An raba faɗin daga kusurwa zuwa kusurwa gida biyar, aka ɗauki huɗu a matsayin tsawon igiyar da za a zana bakan da ita: mita 36 daga cikin 45. Baka mai tsini ba ya tura bango waje kamar zagayayye, kuma ya fi jinkirin kwantowa ciki, wanda ke nufin an daɗe ana gini kusan a tsaye kafin a iso wurin haɗari.

Daga barandar sai a koma cikin bango, kuma nan ne ainihin abin. Ƙubbar biyu ce, ɗaya cikin ɗaya. Ɓawon ciki shi ne mai ɗaukar nauyi, kaurinsa ya haura mita biyu a gindi. Na waje bai kai mita ɗaya ba, kuma yana ƙara sirancewa in aka yi sama. Aikinsa ya kare na ciki daga ruwa da rana, ya kuma ba ginin kwarjini daga nesa. Tsakaninsu akwai fili na mita ɗaya da 'yan kai, a cikinsa muke tafiya. Hannun dama na taɓa ɗaya, na hagu na taɓa ɗayan. Abin da ya ɗaure su shi ne haƙarƙari 24 da ke tashi daga gindi zuwa sama: manya takwas a kusurwoyi, ƙanana 16, biyu a kowace fuska. Farin mabul takwas da ake gani daga waje sutura ce kawai a kan na kusurwa. Hanyar tana ratsa waɗannan haƙarƙari ta ƙananan ƙofofi, kuma duk ƙofar da aka wuce ana iya auna kaurinsu da ido.

Mitoci na farko na ƙubbar dutse ne, daga nan aka koma jan bulo saboda ya fi sauƙin nauyi. An ƙiyasta bulon ya haura miliyan huɗu, kuma ba girma ɗaya ba ne: akwai na gama-gari mai kusurwa huɗu, akwai masu siffa ta musamman da aka buga don kusurwoyi, kowanne da akwatin bugunsa na katako.

Ba a yi nisa ba sai ga wani ƙaton katako baƙi ya ratsa hanya a kwance, an haɗa shi da na gaba da ƙarfe. Wannan ita ce sarƙar itace, gungume 24 da suka zagaye ƙubbar. Dalilinta shi ne halin kowace ƙubba: samanta yana matsewa, gindinta kuma yana son buɗewa. Bulo da dutse suna jure danni ƙwarai, amma ja yana tsaga su nan da nan. Tunda an hana tokara daga waje, sai a ɗaure ta daga ciki. Ban da ta itace akwai sarƙoƙin dutse a matakai daban-daban, dogayen duwatsun yashi da aka jera baki da baki aka ƙulle da ƙarfe, aka ɗora su a kan gajerun duwatsu da ke gicciye. Kawunan waɗannan gajerun ne muka gani sun leƙo daga waje. A ra'ayina sarƙoƙin su ne sashen da ya fi rauni a duk dabarar, kuma tsagar da za mu gani a hanyar sauka ita ce shaida. Sun yi aiki, amma ba su kai ƙarfin jan da ke wurin ba.

Inda na fi so a tsaya, ko da na baya na gunaguni, shi ne inda bulon ɓawon ciki yake a buɗe kusa da fuska. Layukan bulo suna tafiya a kwance kamar kowane gini, amma bayan kowane ɗan tazara sai ka ga bulo ɗaya an kafa shi a tsaye, kansa ya zarce layin. A layi na sama an sake kafa wani a jikinsa, ya ɗan gusa gefe. Haka haka har tsayayyun suka zama wata igiya da ke hawa a karkace tana murɗawa zuwa sama. Italiyawa na kiran wannan jeri ƙayar kifi. Ga amfaninsa. Yayin da ƙubba ke kwantowa ciki, shimfiɗar da ake ɗora bulo a kai tana ƙara karkata, har ta kai wajen digiri 60 kusa da sama. Bulon da aka ɗora a kan ɗanyen kwaɓi a irin wannan gangare zai zame ya faɗa ƙasa. Amma tsayayyun bulon sun riga sun kama a layukan ƙasa da suka bushe, sai suka zama turaku. Birkila yana cike tsakanin turke da turke, bulon ƙarshe ya shiga a matse, ɗan guntun layin ya zama ƙaramin baka a kwance wanda ke tura turakun biyu maimakon ya zame. Tunda tazarar ta fi faɗi ta waje ta fi ƙunci ta ciki, duk yunƙurin da bulo zai yi na faɗawa ciki ƙara matse shi yake yi. Idan layin ya zagayo fuskoki takwas ya haɗe, ya zama zobe mai riƙe kansa, sai a hau na gaba. Shi ya sa dole a tashi da fuskoki takwas a tare, kowace da ayarin maginanta, ba wanda zai wuce wani. Wanda ya taɓa ganin yadda maginanmu ke ɗaure bakan gizo, suna miƙo azara daga bango biyu mataki-mataki, kowace ta kama kafin a ɗora ta gaba, har su haɗu a tsakiya ba tare da an tokare daga ƙasa ba, ya riga ya san tunanin, ko da yake kayan aiki da girman ba ɗaya ba ne.

Akwai dabara ta biyu da ta fi wuyar gani, sai an kwantar da kai a jikin bango an bi layi ɗaya da ido. Layukan ba a miƙe suke ba. Daga kusurwa suna saukowa kaɗan zuwa tsakiyar fuska, su sake hawa zuwa kusurwa ta gaba, kamar igiyar da ba a ja ta sosai ba. Wanda bai sani ba zai ce ginin ne ya zauna. Da gangan aka yi. Zobe zagayayye ne ke riƙe kansa. Mai kusurwa takwas yana da rauni a kowace kusurwa, inda layuka biyu ke karo, da kuma tsakiyar fuska inda babu abin da ke hana shi faɗawa. Da aka sa kowane bulo ya fuskanci tsakiyar ƙubbar, sai shimfiɗar ta zama ɗaya mai zagayawa ba yankewa, layin wannan fuska ya shige na waccan ba tare da gaɓa ba. Wato a ido kusurwa takwas ce, amma bulon an jera shi ne kamar na zagayayyar ƙubba. Brunelleschi bai bar zane ko rubutun yadda ya sarrafa wannan awo a sararin sama ba, kuma masana har yau suna gardama kan yadda aka ja igiyoyin. Wasu kuma sun lura cewa hubbaren Oljeitu a Soltaniyeh ta Iran, wanda aka gama wajen 1312, shi ma ƙubbar bulo ce mai ɓawo biyu a kan kusurwa takwas, suna ganin akwai alaƙa, ganin cewa fataken Italiya na zuwa can a zamanin. Kamannin gaskiya ne, amma babu takardar da ta nuna ya san ginin.

Ƙananan tagogi zagayayyu da ke huda ɓawon waje suna ba da haske da iska, kuma kowace tana nuna wani yanki na garin. A kula da kai a nan, rufin hanyar yana karkata, dogon mutum sai ya sunkuya. A wasu wurare masu hawa da masu sauka suna haɗuwa, sai ɗaya ɓangare ya manne a lungu ɗayan ya wuce.

Duk kayan nan da ke kewaye da mu, shanu ne suka hau da su. Brunelleschi ya ƙera wata na'ura da aka kafa a daɓen cocin: sa yana zagaya wani turke a tsaye, turken na da ƙafafu biyu masu haƙora, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai a murɗa wani sukuru a ɗaga ko a sauke turken don a zaɓi wadda za ta kama gangar igiya. Ta haka kaya na hawa ko sauka alhali san bai juya ba. Kafin wannan sai an kwance dabba an juya ta duk lokacin da za a sauke guga, kuma a aikin da ake ɗaga kaya sau da yawa a yini wannan ɓata lokaci ne mai yawa. A sama kuma akwai wata na'urar mai hannu da ke karɓar dutse ta kai shi daidai inda za a ajiye. Ba duk abin da ya ƙera ne ya yi nasara ba. A 1421 hukumar garin ta ba shi haƙƙin mallakar wani jirgin ruwa na dakon mabul a kogin Arno, ɗaya daga irin waɗannan takardu na farko a tarihi, amma da aka loda masa mabul daga Pisa bai iso Florence ba, kayan suka salwanta, hasarar ta hau kansa.

Sashen ƙarshe shi ne mafi tsayi. Matakalar ta daina zagayawa, ta hau kai tsaye a kan bayan ɓawon ciki, tana bin lanƙwasarsa, da ƙarfen riƙo a gefe. Hannu biyu ake buƙata, a sa waya a aljihu. A nan ƙafa ke gaya wa mutum abin da ido ya gani daga baranda, domin gangaren yana raguwa yayin da ake kusantar sama. Haƙarƙarin duka suna taruwa a wani zobe mai kusurwa takwas da ya kewaye ramin tsakiya, faɗinsa kimanin mita shida. Shi ne makullin ginin. An rufe shi a 1436, shekara 16 bayan farawa. Fafaroma Eugene na Huɗu ya keɓe cocin ranar 25 ga Maris na wannan shekara, aka yi bikin gama ƙubbar a ƙarshen Agusta.

Ta wata 'yar ƙofa ake fitowa gindin ƙaramar hasumiyar farin mabul da ke kan ƙubbar. Ita ma Brunelleschi ne ya tsara ta, sai da ya sake cin gasa kafin a ba shi, kuma an fara ta ne a 1446, shekarar da ya mutu. An gama ta a 1461, sannan a 1471 aka ɗora ƙwallon tagulla mai ruwan zinariya daga shagon Andrea del Verrocchio, lokacin Leonardo da Vinci yana yaron shagon. Daga ƙasa zuwa kan gicciyen kimanin mita 115 ne. A farkon ƙarni na 17 aradu ta faɗa wa hasumiyar ta jefo ƙwallon ƙasa. Akwai farin faifan mabul a daɓen filin bayan cocin da ke nuna inda ya faɗi. Daga nan sama ana ganin jan rufin da kyau, fale-falen yumɓu ne gasasshe irin na Impruneta, wani gari kusa da Florence, ana kuma kallon hasumiyar Giotto daga sama, ita da ke da kusan mita 85. Iska na da ƙarfi, kuma idan hadari ya taso akan rufe hawan.

A hanyar sauka ake bi ta ɗaya barandar ciki, kuma a nan muka nemi tsagar. Ba ta ɓuya ga wanda ya san inda zai duba: layi ne da ya ratsa zanen daga sama ya gangaro har cikin wuyan. Manya huɗu ne, a fuskoki huɗu da ke kan ginshiƙai, ana tsallake ɗaya-ɗaya, kuma sun huda ɓawon biyu. Fuskokin da ke kan bakuna ba su yi irin wannan ba. Sanadin farko shi ne wanda aka ambata, nauyin ƙubbar na buɗe gindinta. Na biyu, abin da take zaune a kai ba ɗaya ba ne, wani wuri ginshiƙi ne daskararre, wani wuri baka ne, don haka jan ya taru a wasu fuskoki, ya bi ta inda taga ta riga ta rage bango. Girgizar ƙasa, irin ta 1453 da ta 1895, ta ƙara nata. Sannan akwai zafi da sanyi: tsagar na buɗewa da hunturu ta rufe da bazara, amma ɓarɓashi na zubawa ciki lokacin da take buɗe, sai ta kasa komawa daidai inda take. Kowace shekara ana samun ɗan ragi da bai dawo ba.

A 1695 wani kwamiti da Vincenzo Viviani, almajirin Galileo, ke ciki ya ba da shawarar a ɗaure ƙubbar da sarƙar ƙarfe. Gardama ta hana, ba a ɗaura ba, ga shi kuwa a Roma an yi wa ƙubbar cocin Waliyyi Bitrus irin wannan ɗauri a shekarun 1740 lokacin da ita ma ta tsage. A Florence awo aka zaɓa. Tun 1955 ake bin faɗin tsagar da ma'aunai, a 1987 aka ƙara na lantarki sama da 160 masu auna motsi da zafi, kuma wasu ana ganinsu manne a bango a kan hanya, da wayoyinsu. Abin da awon ya nuna shi ne ƙaruwar 'yan milimita ce a shekara ɗari. Lokacin gyaran zanen da aka fara a ƙarshen shekarun 1970, an kafa dandamalin ƙarfe a cikin ramukan nan 48 aka cike su da kankare, abin da ya jawo doguwar gardama kan ko hakan ya hana ginin motsinsa na kullum. Darasin ya shafi duk mai gyaran tsohon gini na farar ƙasa: siminti ya fi shi tauri, ba ya motsi tare da shi, kuma inda aka cusa shi nan ƙarfi ke taruwa.

Hawa da sauka kan ɗauki kusan sa'a guda. Da an fito, a shiga cikin cocin, wannan kyauta ne amma da layinsa daban. Tsawonsa mita 153, kuma cikinsa ba shi da ado da yawa idan aka gwada da fuskar waje mai mabul fari da kore da ja, wadda sabuwa ce, Emilio De Fabris ya tsara ta aka gama a 1887. A saman babbar ƙofa daga ciki akwai agogon da Uccello ya zana a 1443, mai sa'a 24 da hannu ɗaya da ke juyawa ta hagu, kuma yininsa na ƙarewa ne da faɗuwar rana, don haka sai an riƙa gyara shi a cikin shekara. A gindin hasumiyar kan ƙubba akwai farantin tagulla mai huda da Paolo Toscanelli ya sa wajen 1475, kimanin mita 90 daga ƙasa, wanda ke jefo hasken rana a kan wata alama a daɓen ɓangaren arewa a ƙarshen watan Yuni. A kusa da babban bagadin cocin ne aka kashe Giuliano de' Medici, na gidan da ke riƙe da mulkin Florence a lokacin, ranar 26 ga Afrilu 1478 ana tsakiyar ibada, ɗan'uwansa Lorenzo ya tsira ta ɗakin ajiyar kayan limamai. Kabarin Brunelleschi yana ƙasa, cikin ragowar Santa Reparata, an gano shi a 1972.

Gidan tarihin da ke bayan cocin shi ya kamata a bari na ƙarshe, bayan an ga ginin da ido. Akwai samfuran katako na ƙubbar da hasumiyarta, akwatunan buga bulo, faifan jan igiya da sauran kayan aiki irin na zamanin. A ƙasan gidan kuma akwai wata ƙaramar ƙubba ta bulo, faɗinta kimanin mita uku, da aka tono a 2012 lokacin faɗaɗa wurin, samanta a buɗe, jerin ƙayar kifin a fili. A cikin babbar ƙubba gefe ɗaya na bulon kawai ake gani, a nan kuwa ana iya leƙawa daga sama a ga yadda tsayayye ke shiga tsakanin kwantattu, da yadda tazarar ke ƙuntata ta ciki.